Injin jirgin ruwa mai jet na hannu yana ɗaukar zafi, daga ina zan fara dubawa?

Ɗan Gwale:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san injin jirgin ruwa. Jirgin na hannu ne, daga Amurka aka shigo da shi ta Legas, irin wanda ba shi da farfela a waje, ruwa yake zuƙa ta ƙasa ya feso ta baya. Injin fetur ne guda ɗaya mai silinda huɗu, agogonsa na nuna awa 310. A gida in na haɗa masa tiyo lafiya lau yake aiki, ba ƙararrawa ba jar fitila. Amma a dam ɗin Tiga, in ana tafiya a hankali, kafin minti goma ƙararrawar zafi ta fara kuka, injin ya rage ƙarfi da kansa. In na ba shi totur tun da wuri yakan jima bai yi ba. Ruwan da ke fita ta 'yar kafar gefen jirgin kuma ɗigo-ɗigo yake zuwa a silo, wato in injin na aiki a hankali ba a ba shi totur ba. Wani bakaniken mota ya ce a cire tamostat, 'yar na'urar da ke buɗe wa ruwa hanya in inji ya yi zafi, a huta, wani ya ce gasket ɗin kai ne ya ƙone. Ba na so a kwance injin a banza. Me zan fara dubawa?

Bakaniken Ƙofar Ruwa:

Wa alaikumus salam Alhaji. Kada ka bari kowa ya taɓa kan injin nan tukuna. Bayanin da ka kawo ya riga ya nuna hanya: lafiya a kan tiyo, zafi a cikin dam, ruwa ɗigo-ɗigo a silo. Ruwa ne ba ya isa injin, kuma matsalar tana can baya, tsakanin famfon jet da inda tiyon wanki, wanda kake haɗa masa a gida, yake haɗuwa da layin ruwa.

Fara da sanin wane tsarin sanyaya ke cikin jirginka, domin iri biyu ne. Buɗe ɗakin injin ka duba ko akwai 'yar tankin roba mai murfi irin na lagireto, da ruwa mai launi a ciki. In akwai, rufaffen tsari ne, irin na Sea-Doo masu injin Rotax 4-TEC. In babu, buɗaɗɗen tsari ne irin wanda Yamaha ke yi, wato ruwan dam ɗin da kansa yake shiga ya zagaya injin ya fita. A buɗaɗɗen tsari babu wani famfon ruwa dabam kamar na mota, babu bel, babu fanka. Famfon jet ɗin da ke tura jirgin shi ne famfon ruwan injin. A jikin gidan famfon, bayan farfela inda ruwa ke da matsi, akwai kafa da ke ɗibar ruwa ta bi da shi ta 'yar rariya, ya shiga tiyo, ya ratsa bangon bayan jirgin, ya kai ga salansa da silinda. Shi ya sa duk abin da ya rage wa famfon ƙarfi yake rage wa injin ruwa. A silo matsin kaɗan ne dama, to in rariya ta toshe rabi, ruwan da ke wucewa ba ya isa. Da ka ba shi totur matsi ya ƙaru, ruwa ya kutsa ta sauran gurbin. Abin da kake gani ke nan.

Ɗora jirgin a tirela. Zare makullin igiya, wanda ke kashe inji in an fizge shi, cire wayar batir ta nagatif, sannan ka sa hannu a ƙarƙashi. Wannan ba wasa ba ne, farfelar ciki tana yanke yatsa. Haska tocila ta ragar ƙarfen da ke ƙarƙashin jirgin ka duba sandar da ke juya farfela. Leda, zaren kamun kifi, guntun koma, igiya, duk a nan suke naɗewa. In jirginka na da murfin shara a baya, a dandamalin da ake hawa daga ruwa, buɗe shi ka zura hannu daga sama, ya fi sauƙi. Wajen mayar da murfin ka tabbata ya zauna ya kulle, domin in bai zauna daidai ba famfon zai riƙa zuƙar iska.

Daga nan sai rariyar. A famfon Yamaha tana ƙarƙashin wani ɗan murfi mai kusurwa huɗu a gefen gidan famfon, kusoshi huɗu ke riƙe da shi. Kwance su a hankali, jirgin da ya sha ruwan gishiri kusoshinsa kan kama, in ka yi gaggawa su karye a ciki. Fesa musu man sassauta tsatsa ka bari ya jiƙa. Ciro rariyar ka wanke da tsohon buroshin haƙori, ka leƙa ramin da ke bayanta.

Sai ka bi tiyon daga bangon baya har injin, da hannu, ba da ido kawai ba. Tsohon tiyo kan lanƙwashe a kwana, ko cikinsa ya ɓare ya toshe hanya alhali daga waje ba a ganin komai. Matsa shi da yatsu, wanda ya yi laushi sosai ko ya bushe ya tsattsage a canja. Zare tiyon daga gefen injin ka tura ruwa ta baya, ya fita ta wajen famfon, ka tara a bokiti ka ga abin da ya fito. Ita kuma 'yar kafar gefen jirgin, zura mata zaren roba mai kauri ko siririyar waya mai laushi. A Kano jirgin da ya kwana biyu a ajiye da wuya zanzaro bai yi gini a wannan kafar ba, kuma ginin laka kaɗai ya isa ya mayar da ruwan ɗigo-ɗigo ko da sauran layin lafiya yake.

Game da tiyon wanki, kiyaye tsarin nan kullum: inji ake fara tayarwa, sannan a buɗe ruwa nan take. Wajen gamawa a fara rufe ruwa, sannan a kashe inji cikin daƙiƙa 15. In ruwa na gudu inji a kashe, zai cika salansa ya koma ta bawul ya shiga silinda, ka zo tayarwa kwanrod ya lanƙwashe.

Na Karaye:

Malam ya gama magana a kan layin ruwa. Ni zan ƙara a kan famfon kansa da kuma irin ruwan da muke shiga, don in an gyara ba a sauya yadda ake tuƙi ba, matsalar za ta dawo.

Farfelar jet tana juyawa ne cikin wani zobe, tazarar da ke tsakanin bakin farfelar da zoben kuma ƙanƙanuwa ce ƙwarai. A famfon Yamaha sabo tana tsakanin milimita 0.35 da 0.45, in ta wuce 0.6 ta fita daga ƙa'ida. Yashi da tsakuwa su ke cinye wannan wurin. Da tazarar ta buɗe, ruwa sai ya riƙa zillewa ta gefe yana komawa baya, matsi ya faɗi, kuma a silo ake fara jin faɗuwar. Sayi filagej, 'yan siraran ƙarafan nan da ake auna tazarar bawul da su, ka auna kowane reshen farfela a wurare dabam-dabam. Alamarsa a ruwa ita ce in ka ba shi totur daga tsaye injin ya yi ihu jirgin bai zabura ba, sai daga baya ya kama. Duba kuma bakin farfelar, in ya lotsa ko ya yi gibi.

Jirgin da ya zauna a ruwan gishiri akwai wani abu kuma: tsatsa kan taru tsakanin zoben ƙarfe da gidan alminiyon, ta kumburo zoben ciki har ya riƙa gogar farfela. Za ka ga sawun gogayya a wuri ɗaya, ko ka ji ƙarar ƙarfe in an tayar a kan tirela.

Yanzu ruwanmu. Tiga da Challawa ruwan daɗi ne, ba gishiri, wannan alheri ne ga injin. Amma da damina ruwan kan yi ja da laka, da rani kuma ya ja baya, bakin gaɓa ya zama yashi da taɓo. Jet na zuƙar abin da ke ƙasa ko jirgin na tsaye, muddin inji na aiki. Littattafan masu ƙera jiragen nan suna cewa a samu zurfin santimita 90 ƙarƙashin jirgi kafin a tayar. Saboda haka tura shi da hannu ko da gora zuwa inda ruwa ya kai ƙugu, sannan ka murɗa makulli. Wajen dawowa kashe injin tun kafin ka iso gaɓa, ya ƙarasa da saurinsa. Masu hawa da jirgi kan yashi inji na aiki su ne ke cika silinda da ƙasa, yashin ya kwanta a ƙasan hanyoyin ruwa inda wanki na yau da kullum ba ya fitar da shi.

Kainuwa da ciyawar ruwa a kauce musu. In ka ji jirgin ya fara karkarwa, gudu ya ragu alhali injin na ƙara ihu, kashe shi nan take, kada ka ce bari in ƙarasa. Sau da yawa kashewar kaɗai kan sa ledar da ta manne a raga ta saki. Kuma ka saba da waiwayar kafar gefen nan duk lokacin da ka tayar. Takan ɗan jima kafin ruwa ya fito, a silo ba ya da ƙarfi sosai, amma da ka ɗan ƙara totur dole ya zubo a miƙe.

Ɗan Gwale:

Allah ya saka da alheri. Na duba, babu tankin ruwa mai launi, buɗaɗɗen tsari ne. Rariyar fiye da rabinta a toshe take da yashi da wani farin gari mai dunƙulewa. Kafar gefe akwai ginin zanzaro. Na sami zaren kamun kifi a naɗe a sandar farfela. Tazarar zobe milimita 0.5 ta nuna. Baƙin mai launinsa bai sauya ba, bai kuma ƙaru a sandar awon mai ba. Farin garin nan mene ne, kuma yaya zan yi da maganar tamostat?

Injiniyan Sharaɗa:

Ranka ya daɗe, farin garin shi ne abin da ya fi damuna cikin duk abin da ka lissafa. Gishiri ne da ɓarɓashin alminiyon da ya ci, shaidar cewa jirgin ya yi aiki a teku ba a riƙa wanke shi yadda ya kamata ba. In ya kai rariya, to akwai irinsa a cikin injin. Tazarar 0.5 tana cikin ƙa'ida amma ta kusa iyaka, ka bar ta a yanzu ka sa ido.

Tamostat kada a cire shi a bar gurbin haka. Na san al'adar gareji ce a garin nan, ana cewa ƙasarmu da zafi ba ma buƙatarsa. A wannan injin cirewar illa biyu take yi. Ruwan dam ko da bazara bai kai zafin da inji ke buƙata ba, to injin zai zauna da sanyi, kwamfutarsa ta riƙa ƙara fetur, fetur ɗin da bai ƙone ba ya gangara ya tsinka baƙin mai. Na biyu, tamostat na riƙe ruwa ya cika hanyoyin har saman kan silinda. In babu shi ruwan kan bi hanya mafi sauƙi ya fice, wani lungu ya zauna da tururi, ka ga agogo na nuna sanyi alhali wani sashe na ƙuna. Abin yi shi ne a ciro shi a gwada. Rataya shi da zare cikin tukunyar ruwa kada ya taɓa gindinta, sa ma'aunin zafi, ɗora a wuta. Zafin da ya kamata ya fara buɗewa yawanci a rubuce yake a jikinsa. Na injinan da ke shan ruwan waje galibi tsakanin digiri 50 ne da 60, na mota kuwa 82 zuwa sama. Don haka ko ka sami na mota da ya shiga gurbin daidai, kada ka sa. In naka ya buɗe a makare, ko ya buɗe kaɗan ya tsaya, ko gishiri ya daskare a jikinsa, sayi sabo da lambar injinka tare da robarsa.

Yayin da gidan tamostat ke buɗe, haska ciki. In bangon ya yi farin ɓawo, sai an yi wankin ciki. Ruwan khal fari na girki, mai kashi 5 cikin ɗari, ya isa ga wanda bai yi tsanani ba. Samu bokiti da ƙaramin famfo mai aiki da batir, ka tura khal ɗin ta tiyon shiga, ka dawo da tiyon fita cikin bokitin, ya yi ta zagayawa awa ɗaya zuwa biyu inji a kashe. Sharaɗi guda, kuma shi ne mafi muhimmanci: zare duk tiyon da ke zuba ruwa cikin bututun hayaƙi ka toshe shi kafin ka fara, in ba haka ba khal ɗin zai bi ta salansa ya shiga silinda. In ba ka tabbatar da wane tiyo ne ba, nemi zanen layin ruwa a littafin gyaran injin kafin ka taɓa. Bayan nan ka ɗauraye da ruwa mai yawa. Asid ɗin batir ko na wanke tayil kada ya kusanci injin nan, alminiyon yake ci. Wasu injinan na da ɗan dunƙulen ƙarfe a cikin hanyar ruwa da aka sa don tsatsa ta ci shi maimakon injin. In naka na da shi ciro shi kafin wankin, in ya cinye rabi a sa sabo, ɓarɓashinsa ma na toshe hanya.

Maganar gasket, baƙin man da bai sauya ba alama ce mai kyau amma ba ta kore shi gaba ɗaya ba, domin gasket kan ƙone tsakanin silinda da hanyar ruwa ba tare da ruwa ya taɓa mai ba. Gwaji uku ne masu araha. Ciro fulogi huɗun ka jera su, wanda ya fita fes kamar an wanke shi alhali sauran na da launin toka, ruwa na shiga wannan silindar. Auna matsin kowace silinda, fulogi duka a cire, totur a buɗe, batir a cike, bambanci tsakanin mafi ƙarfi da mafi rauni kada ya wuce kashi 10 cikin ɗari. Sannan sa guntun tiyo garai-garai a layin da ruwa ke fita daga kan silinda, ka duba a cikin dam, in kumfa na bi ba ƙaƙƙautawa kuma tana ƙaruwa da totur, hayaƙi ne ke shiga ruwa. In wata rana ka ga mai ya koma launin shayi da madara, kada ka yanke cewa gasket ne kai tsaye. Jirgin da ya fito daga ƙasar sanyi, in an bar ruwa ya yi ƙanƙara a cikinsa, salansa ko na'urar sanyaya mai kan tsage, su ma suna haɗa ruwa da mai.

Abin da ake yawan mantawa: robobin hayaƙi. Ruwan nan da bai isa ba shi ne ke sanyaya manyan tiyoyin da ke tsakanin salansa da tukunyar hayaƙi. Tunda ƙararrawa ta yi kuka ba sau ɗaya ba, kwance su ka duba cikinsu. Wanda ya yi ƙuraje, ya ɓare ko ya yi baƙin ƙuna a canja shi da irin na jirgin ruwa, ba tiyon lagireto ba. In ya fashe a tsakiyar dam ruwa zai riƙa zuba cikin jirgin ba ka sani ba. Kilif kuma a sa na silba marar tsatsa, biyu a kowane baki.

In ka gama duka ka koma ruwa, tafi da ma'aunin zafi na infrared, na masu gyaran inji, na asibiti ba ya kai wannan zafin. Haska kan silinda kusa da kowane fulogi, da gidan tamostat, da salansa. In ƙararrawa ta yi kuka alhali ƙarfen na nuna digiri 60 zuwa 70 ko'ina kuma ruwa na zuba sosai, sai a koma kan sensa mai auna zafin inji da wayoyinta, soket ɗin da ya yi kore kan jawo kukan ƙarya. Amma sensa ita ce ta ƙarshe a zargi, ba ta farko ba.

Bakaniken Ƙofar Ruwa:

Na yarda da Injiniya, sai dai ni zan ce Alhaji ya fara mayar da rariya da tamostat ya gwada a ruwa kafin wankin khal. In zafin ya tafi kuma cikin gidan tamostat ba ɓawo mai kauri, a bar shi. Tsohon inji wani lokaci ɓawon ne ke rufe 'yar kafar da tsatsa ta huda, wankin ya buɗe ta. In dole ne a yi, a duba baƙin mai bayan fita ta farko.

Ga masu rufaffen tsari da za su karanta wannan: naku injin ruwan kulan, wato ruwan nan mai launi na cikin tanki, yake sha, rabi kulan na injin alminiyon rabi tataccen ruwa, wanda ake ƙara wa batir, ba mai asid ba, ba kuma ruwan rijiya ko na burtsatse ba. Farantin ƙarfen da ke ƙarƙashin bayan jirgin shi ne lagiretonku, sai yana cikin ruwa yake sanyaya, don haka a kan tirela minti 2 ya isa, zoben da ke tare ruwa a sandar farfela ma ba ya samun sanyi a waje. Duba matakin kulan inji na sanyi, duba murfin tanki ko yana riƙe matsi, ku fitar da iska bayan an canja ruwa. Amma salansarku har yanzu ruwan dam take sha daga famfon jet, saboda haka duk maganar rariya da yashi ta shafe ku.

Alhaji, ranar gwaji buɗe ɗakin inji ka shinshina, ka kunna fankar fitar da tururin fetur minti 4 kafin ka tayar, kowa da rigar kariya, kada ka yi nisa da gaɓa. In ya sake ɗaukar zafi har sai an jawo ka da wani jirgi, a ja a hankali ƙwarai, ko ka matse tiyon da ke kawo ruwa daga famfo da filaya mai kulle, ka naɗa mata tsumma kada ta yanke robar. Jan jirgin jet da gudu inji a kashe na tura ruwa ta wannan layin har ya cika salansa ya shiga silinda. Ka ɗaura wani ƙyalle a sitiyari don ka tuna cire filayar kafin ka sake tayarwa.